An buɗe mashaya da gidajen rawa a Ingila: amsoshi ga masu gadi, 'yan kicin da direbobin dare

Tun daren Litinin 19 ga Yuli 2021 da gidajen rawa suka buɗe ƙofa a Ingila bayan kullen cutar korona, tambayoyi iri ɗaya suka yi ta zagayawa a tsakanin 'yan uwa masu aikin dare a Landan, Manchester da Birmingham. Akasarinmu ba shiga muke mu zauna ba. Mu ne a bakin ƙofa, mu ne a kicin, mu ne ke kwasar mutane a mota ƙarfe uku na dare. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Dokokin da zan ambata na Ingila ne kawai, kuma na korona a cikinsu sun riga sun ƙare. Scotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin, kuma a Yulin 2021 gidajen rawansu a rufe suke.

1. Me aka buɗe, kuma yaushe?

Buɗewar 2021 a matakai ta zo, bisa jadawalin da Firaministan lokacin Boris Johnson ya sanar ranar 22 ga Fabrairu. Ranar 12 ga Afrilu aka bar mashaya da gidajen abinci su karɓi mutane a waje kawai, a lambu ko a gefen titi. Ranar 17 ga Mayu aka koma ciki, mutum shida a tebur ko iyalan gida biyu. Matakin ƙarshe da aka tsara wa 21 ga Yuni sai aka ɗaga shi da mako huɗu saboda nau'in korona da ake kira Delta, ya faɗo 19 ga Yuli.

Mashaya sun sha buɗewa da rufewa. An rufe su 20 ga Maris 2020, an buɗe 4 ga Yuli, an sake rufewa 5 ga Nuwamba, an ɗan sassauta a Disamba, sannan kulle na uku ya zo a farkon Janairun 2021. Gidajen rawa kuwa tun Maris 2020 ba su buɗe ko dare ɗaya ba sai 19 ga Yuli 2021, wata goma sha shida cur.

2. Me ya sa ake ta hayaniya a kan gidan giya kamar babu wata matsala a ƙasar?

'Yan gida ne suka fi yi mini wannan tambayar a waya. Mashaya a Ingila ba ta tsaya ga giya ba. A nan ake cin abincin Lahadi, a nan ake kallon ƙwallo, a nan ake haɗuwa bayan jana'iza. A wasu ƙauyukan ita ce kaɗai inda tsoho mai zaman kaɗaici zai ga fuskar ɗan Adam. Wanda ya san matsayin majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi a unguwa zai gane abin da ya sa rufe ta ya yi musu zafi.

Sai kuma batun abin kai wa baka. Mashaya ɗaya tana ciyar da mai dafa abinci, mai wanke-wanke, mai shara, mai gadi, mai kawo kaya, da direban tasi da ke jira a waje. Da aka rufe, dukansu suka zauna. Ɗalibai da baƙi irinmu suna da yawa a waɗannan ayyuka, domin su ne ake samu da sauri kuma ba sa cin karo da lokacin aji.

3. Me ya sa gidajen rawa suka zama na ƙarshe?

Saboda duk abin da cutar ke so yana can. Korona ta fi yaɗuwa ta numfashi, a rufaffen wuri, idan mutane sun daɗe kusa da juna. Gidan rawa galibi ba shi da taga, wasu ma a ƙarƙashin ƙasa suke. Kiɗa na tashi, dole sai ka ɗaga murya a kunnen na kusa da kai, ga haki, ga zufa, ga awa huɗu ko biyar a haka. A mashaya za a iya zaunar da mutane a tebur a ba da tazara. Rawa kuwa ba ta yiwuwa da tazara.

Kuma an ga misali tun da wuri. A watan Mayun 2020, bayan Koriya ta Kudu ta shawo kan cutar, sai ta sake ɓulla daga gidajen rawan unguwar Itaewon a Seoul, aka yi ta bin sawun dubban mutane. A Agustan 2020 an sake kulle birnin Aberdeen na Scotland bayan cutar ta yaɗu ta mashaya. Duba tambaya ta 6 don abin da ya faru a Holan a Yulin 2021.

4. Waɗanne dokoki suka faɗi ranar 19 ga Yuli, waɗanne suka rage?

Babu sauran iyaka kan yawan mutane. Babu dokar tazara. An daina tilasta kai wa mutum abin sha a tebur, yana iya zuwa kanta ya saya da kansa. Takunkumi ya daina zama doka, haka nan rubuta suna da lambar waya ko ɗaukar hoton lambar QR a ƙofa, duk da cewa a lokacin gwamnati ta roƙi a ci gaba.

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi shafar ma'aikaci. A lokacin killace kai na kwana goma ya ci gaba da zama doka ga wanda gwaji ya nuna yana da cutar, da wanda sashen bin sawu na NHS, hukumar lafiyar ƙasar, ya tuntuɓa (tambaya ta 9). Nauyin kula da lafiyar ma'aikata yana nan a wuyan mai wurin (tambaya ta 8). Sannan kowane wuri yana da ikon kafa nasa sharaɗin: a lokacin hukumar sufurin Landan ta bar takunkumi a matsayin dole a jiragenta da bas, Uber ma ta bar shi ga direba da fasinja.

5. Dokar rufewa ƙarfe goma da dokar "sai da abinci" sun yi amfani kuwa?

Daga 24 ga Satumba 2020 aka tilasta wa mashaya rufewa ƙarfe goma na dare. Manufar ita ce a rage awannin da mutane ke bugewa su manta da tazara. Amma duk wanda ya tsaya a ƙofa a waɗannan makonni ya ga abin da ya biyo baya. Dukan titi ya fito a minti ɗaya. Aka cika tashar jirgin ƙasa da bas, aka yi layi a shagunan da ke sayar da giyar tafi-da-gidanka, aka ƙarasa daren a ɗakunan haya inda babu mai sa ido. A Disamba gwamnati ta gyara: a daina sayarwa ƙarfe goma, a rufe sha ɗaya, don mutane su watse a hankali. A jadawalin 2021 kuma ba a dawo da dokar ba sam.

Ta biyun ta fi ba ni takaici. A yankunan da aka sa wa tsauraran matakai, an ce ba za a ba mutum giya ba sai tare da cikakken abinci. Ministoci suka shafe kwanaki ana tambayarsu ko dafaffen ƙwai da aka naɗe da nama ya isa a kira shi abinci, amsoshinsu suna cin karo da juna. A ƙasa kuwa, manyan wurare masu kicin suka ci gaba da ciniki, ƙananan mashaya na unguwannin talakawa da ba su da kicin suka zauna a rufe, aka ba su fam 1,000 sau ɗaya a Disamba. Sacha Lord, wanda a lokacin yake ba magajin garin yankin Manchester shawara kan harkokin dare, ya kai gwamnati kotu a kan haka. Ita ma wannan dokar ba ta dawo ba.

A ganina kuskuren duka biyun ɗaya ne. An sa ido kan agogo da faranti, alhali abin dubawa shi ne iskar da ke ɗakin da yawan masu shaƙarta. Ko shirin rangwamen abinci na Agustan 2020, wanda gwamnati ta biya rabin kuɗin cin abinci har fam 10 daga Litinin zuwa Laraba, ya cika ɗakuna da mutane. Wani bincike na Jami'ar Warwick ya danganta kashi 8 zuwa 17 cikin ɗari na sababbin ɓarkewar cutar a lokacin da wannan shiri.

6. To buɗewar na nufin hatsarin ya wuce?

A'a. Kwana biyu kafin buɗewar, mutum sama da 54,000 ne gwaji ya nuna sun kamu a Birtaniya a rana ɗaya. Ministan lafiya na lokacin Sajid Javid na cikinsu, kuma ranar buɗewar shi kansa Firaminista a killace yake. Hujjar gwamnati ita ce rigakafi ya rage masu kwanciya asibiti da masu mutuwa ƙwarai, kuma gara a buɗe da bazara makarantu na hutu da a jira hunturu.

Masu gidajen rawa suna kafa hujja da gwajin da aka yi a Liverpool ranakun 30 ga Afrilu da 1 ga Mayu, inda kusan mutum 3,000 suka yi rawa kowane dare babu takunkumi, kuma ba a ga ɓarkewa ba. Gaskiya ne. Sai dai kowa an gwada shi kafin shiga, cutar ta yi ƙasa a lokacin, Delta bai mamaye ba, kuma kaɗan ne suka dawo da gwajin bayan taro. Holan ta buɗe nata gidajen rawan 26 ga Yuni, cikin mako biyu masu kamuwa suka ninka sau da yawa, ta rufe 10 ga Yuli, Firaministanta na lokacin Mark Rutte ya fito ya ba da haƙuri. Wanda ke lissafin kuɗin haya ya sa a ransa cewa abin da aka buɗe ana iya sake rufe shi.

7. Ni mai gadi ne, ba na shiga ciki. Ina cikin haɗari?

Kana cikin haɗari, ɗan'uwa. A alƙaluman farko da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a Mayun 2020, masu gadi na cikin maza ma'aikata da cutar ta fi kashewa a Ingila da Wales, wajen 46 a cikin kowane 100,000. Direbobin tasi da masu dafa abinci suna biye, wajen 36 kowannensu. Kuma rahoton hukumar lafiyar jama'a na Yunin 2020 ya nuna baƙar fata sun fi fararen fata fuskantar mutuwa daga cutar. Waɗannan alƙaluman na kafin rigakafi ne, amma yanayin aikin bai canza ba.

Mai gadi yana laluben aljihun ɗaruruwan mutane, yana karɓar katin shaida hannu da hannu, bugagge yana masa ihu a fuska, idan faɗa ya tashi kuma shi ne zai kutsa tsakiyar cunkoso. Ɗan kicin yana aiki a ƙuntataccen ɗaki mai zafi kafaɗa da kafaɗa. Direba yana rufe da baƙi huɗu a mota. Abin da ke hannunka: ka yi allurar rigakafi, ka sa takunkumi mai kyau idan za ka shiga ciki, ka ci abincinka a waje maimakon ɗakin hutun ma'aikata, direba ya sauke gilashi ko da ana sanyi. Daga Afrilun 2021 zuwa Maris 2022 an riƙa ba da kayan gwajin gaggawa kyauta a kantin magani. Shawarar lokacin ita ce ka riƙa yi sau biyu a mako, musamman idan akwai tsoho ko mai ciwon suga a gidan da kake kwana.

8. Manaja ya ce in cire takunkumi don yana korar kwastoma. Yana da wannan ikon?

Faɗuwar dokar takunkumi ba ta ɗauke wa mai wuri nauyin da dokar lafiya a wurin aiki ta ɗora masa ba. Dole ne ya auna hatsarin da ke wurin, ya ɗauki mataki, kuma a 2021 shawarar gwamnati kan korona ta sa shigar iska a gaba. Kana da haƙƙin tambayarsa me ya tanada. Yi tambayar a rubuce, ta saƙon waya ko imel, cikin ladabi, ka faɗi dalilinka, ka ajiye amsar.

Doka ta kuma kare wanda ya ƙi aiki saboda ya yi imani, bisa dalili, cewa akwai babban hatsari da ke gab da shi. Tun 31 ga Mayun 2021 an faɗaɗa wannan kariya ta haɗa da ma'aikatan da ba na dindindin ba. Amma kada ka ajiye aiki cikin fushi, domin tabbatar da irin wannan ƙara ba sauƙi. Fara kiran ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu aiki, ko Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, shawararsu kyauta ce. Cunkoso da rashin iska a mashaya kuma ƙaramar hukumar yankin ake kai wa ƙorafi. Na san abin da ke hana mu magana: wanda ba shi da tabbatattun awanni, yana buɗe baki sai a daina kiransa. Shi ya sa ya fi kyau ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi maganar tare.

9. Manhajar korona ta NHS ta ce in killace kaina, manaja ya ce in share ta in zo aiki. Wa zan bi?

A Yulin 2021 akwai bambanci a doka. Saƙon manhaja shawara ce mai ƙarfi, ba a cin tara a kanta. Amma idan hukumar bin sawu ce ta kira ka ko ta aiko maka saƙo kai tsaye, ko gwajinka ya nuna cutar, a lokacin zama a gida dole ne, tarar kuma daga fam 1,000 take farawa. Mai aikin da ya san haka ya sa ka zo, shi ma tara na kansa. A mako ɗaya na Yulin 2021 manhajar ta aika wa mutum sama da 600,000 saƙon, shi ya sa wurare da yawa suka rasa ma'aikata, manajoji suka shiga matsa wa mutane.

Daga 16 ga Agusta 2021, an daina tilasta wa wanda ya cika allura biyu ya killace kansa don ya yi mu'amala da mai cutar, gwaji kawai aka shawarce shi ya yi. Kafin nan, shawarata ita ce a bi manhajar, a yi gwajin PCR na ɗakin bincike; an rufe manhajar a 2023. Idan tari, zazzaɓi ko ɗaukewar jin ƙamshi suka zo, babu sauran muhawara.

10. Wa zai biya ni idan na zauna a gida?

A nan ne tsarin ya fi rauni. A 2021 kuɗin jinya na doka fam 96.35 ne a mako, kuma sai wanda ke samun aƙalla fam 120 a mako. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi, fam 8.91 a awa a lokacin, ya san wannan bai kai ladan dare biyu ba. A lokacin akwai tallafin fam 500 na masu ƙaramin ƙarfi da hukumar bin sawu ta umarta su killace, ta ƙaramar hukuma ake nema. Asalinsa na masu karɓar tallafin gwamnati ne, amma ƙananan hukumomi suna da wani kaso da suke bayarwa bisa duba hali, don haka ko wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin jama'a yana iya nema a lokacin.

Tallafin albashi na masu zaman gida, wanda ke ba ma'aikaci kashi 80 na albashinsa, ya ƙare 30 ga Satumba 2021. A Yulin shekarar gwamnati ta biya kashi 70, mai aiki 10. A Agusta da Satumba gwamnati 60, mai aiki 20. Tunda nauyin na ƙaruwa a kan masu wurare, aka yi fargabar wasu za su fara sallama. Direbobi masu cin gashin kansu kuma sun samu zagaye na biyar na tallafinsu, wanda aka fara nema a ƙarshen Yulin 2021.

11. An nemi shaidar rigakafi a ƙofa?

A Yulin 2021 ganin dama ne. Gwamnati ta roƙi gidajen rawa su riƙa duba shaidar NHS, wadda ke nuna allura biyu ko gwajin kwanan nan, akasarinsu suka ce ba za su yi ba. A yammacin ranar buɗewar ne Firaminista ya ce daga ƙarshen Satumba allura biyu za ta zama sharaɗin shiga, gwaji kaɗai ba zai wadatar ba. Sanarwa ce, ba ta zama doka ba, kuma 'yan majalisa da dama na jam'iyyarsa sun yi adawa da ita. Da ta tabbata, da mai gadi ne zai tsaya ya ce wa bugagge ya koma gida. Duk irin wannan ƙa'ida, ka nemi a rubuta ta a manna a ƙofa, kada ta zama kamar daga bakinka ta fito.

12. Takarduna ba su cika ba. Zan iya yin rigakafi?

A 2021 ana iya yi. A lokacin kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 18, ba a binciken matsayin zama, kuma ba sai kana da lambar NHS ko likitan unguwa ba. An buɗe cibiyoyin da ake zuwa babu alƙawari, wasu ma a masallatai. Tazarar allura ta farko da ta biyu mako takwas ce a lokacin, kariyar kuma ba ta cika sai mako biyu bayan ta biyun.

13. Gaskiya ne a 2020 an hana ziyarar Sallah amma an bar mashaya a buɗe?

Gaskiya ne, kuma har yau abin na ci wa mutane rai. Daren 30 ga Yulin 2020, jajiberin Babbar Sallah, bayan ƙarfe tara, ministan lafiya na lokacin Matt Hancock ya sanar a Twitter cewa daga tsakar dare an hana iyalan gidaje daban-daban haɗuwa a gida ko a lambu a yankin Manchester, gabashin Lancashire da sassan Yorkshire ta Yamma. An riga an yi cefane, an gayyaci dangi. Mashaya suka ci gaba da aiki, da sharaɗin kowa ya zauna da mutanen gidansa kawai, sharaɗin da mai gadi ba shi da hanyar tabbatarwa. Masallatai ba a rufe su ba, an yi Idi da tazara.

Gwamnati ta ce alƙaluma ne suka nuna cutar na yaɗuwa ta ziyarar gida. Ko da haka ne, sanarwar awa uku a daren Sallah rashin mutuntawa ce. A 2021 Sallar ta faɗo 20 ga Yuli, kwana ɗaya bayan ɗage dokokin, masallatai da yawa kuma da kansu suka ci gaba da neman a sa takunkumi.

14. Ya halatta Musulmi ya koma irin wannan aikin?

Hadisin da ya la'anci giya sananne ne, bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa, mai ɗauka da mai shayarwa. Don haka tsayawa bayan kanta ana zuba wa mutane ba abin ja-in-ja ba ne. Gadi, wankin kwanuka da tuƙa wanda ya sha zuwa gidansa su ne ake yawan kai wa malamai, kuma amsar takan duba halin mai tambaya da ko yana da wata mafita. Ka je wa malamin da ya san rayuwar ƙasar nan, ka faɗa masa ainihin abin da hannunka ke taɓawa a wurin aikin, kada ka rage kada ka ƙara.

Abin da zan ƙara shi ne, a 2021 mafita ta fi da yawa. An yi ƙarancin ma'aikata a rumbunan ajiyar kaya, manyan kantuna, asibitoci da wuraren gine-gine, kuma lasisin gadin ƙofa yana aiki a duk waɗannan. 'Yan uwa da dama da suka koma can lokacin kulle ba su dawo ƙofar kulob ba.

15. Lasisin gadina ya kusa ƙarewa. Akwai abin da ya canza?

Akwai. Lasisin SIA, hukumar da ke ba masu gadi lasisi, shekara uku yake yi, kuma da yawa nasu ya ƙare suna zaune a gida lokacin kulle. Tun 1 ga Afrilun 2021, sabon mai neman horon gadin ƙofa sai ya fara gabatar da takardar agajin gaggawa. Daga 1 ga Oktoba 2021 kuma, mai sabuntawa ya fara buƙatar ƙarin horo da takardar agajin kafin a ba shi. Idan naka na ƙarewa kafin ƙarshen shekara, shiga shafinka na SIA yau ka duba ranar, domin ana iya neman sabuntawa tun saura wata huɗu. Tsayawa a ƙofa da lasisin da ya mutu laifi ne a doka, ko da kamfani ya ce ka zo haka nan saboda ba su da mutane. Ɗalibi mai bizar karatu kuma ya tuna iyakar awa 20 a mako tana dawowa da zarar an koma zangon karatu, komai yawan daren da ake roƙonsa ya karɓa.